Babi na Bakwai: Shaidar da Ke Kan Hular Kwano

Duk wanda ya daɗe yana tuƙa keke a birni ya san abin da ke biyo baya idan mota ta goge shi. Jama'a za su taru, wani ya ɗaga keken, wani ya miƙo ruwan leda, wani dattijo ya ce tsautsayi ne, a yi haƙuri. Idan direban ya tsaya, zai fito da nasa labarin, kuma yawanci nasa ne ke shiga kunne, domin shi yana tsaye da ƙafafunsa, mai keke kuwa yana zaune a bakin kwalta yana duba gwiwarsa. Idan bai tsaya ba, magana ta ƙare. Za a ce wata farar mota ce, ko wata adaidaita sahu, kuma babu wanda ya riƙe lamba. Wannan rashin shaida shi ne dalilin da ya sa nake ganin kyamarar da ake ɗaurawa a hular kwano ta fi ƙarfin a kira ta kayan ƙawa ga mai keke.

Asalinta dai ba don shaida aka yi ta ba. Wani Ba'amurke mai suna Nick Woodman, mai sha'awar wasan hawa igiyar teku, shi ya kafa kamfanin GoPro a 2002, kuma kyamararsa ta farko da ta fito a 2004 ta fim ce, ana ɗaura ta a wuyan hannu. Masu wasannin ganganci ne suka fara rungumarta. Daga baya masu zuwa aiki a kan keke a manyan biranen Turai suka gano wani amfaninta. A Birtaniya, 'yan sandan arewacin Wales sun buɗe wani shiri a 2016 mai suna Operation Snap, inda kowa zai iya aika musu bidiyon tuƙin ganganci su duba, kuma sauran rundunoni sun bi sahu. A Janairun 2022 aka sabunta ƙa'idojin hanya na ƙasar, aka ce direban da zai wuce mai keke ya bar masa tazarar aƙalla mita 1.5 idan gudunsa bai wuce mil 30 a awa ba. Akwai wani mai keke a Landan, Michael van Erp, wanda bidiyonsa ya sa aka hana fitaccen mai shirya fim Guy Ritchie tuƙi na wata shida a 2020, saboda danna waya a kan sitiyari. A can, kyamarar ta zama hanyar kai ƙara. A wurinmu lamarin bai kai nan ba, amma ko a gaban ɗan sandan hanya, ko a gaban shugabannin tasha, ko a zauren mai unguwa inda ake sulhu, wanda ya zo da bidiyo ba ya tsayawa daidai da wanda ya zo da rantsuwa kawai.

Idan shaida kake nema, tambaya ɗaya ce ke gaba da kowace: shin wannan kyamara za ta nuna lambar motar da ta wuce ni, har a iya karanta ta? Duk sauran abubuwan da aka jera a bayan kwali suna bayan wannan. Kyamara mai araha da ke karanta lamba ta fi mai tsada da ke fito da launin sararin sama ras amma lambar ta zama farin dishi-dishi.

Abu na farko da zai ja idonka a shago shi ne rubutun 4K da manyan baƙaƙe. 4K na gaskiya hoto ne mai ɗigo 3840 a faɗi da 2160 a tsaye, wato ɗigo sama da miliyan takwas, ninki huɗu na 1080p, wanda shi kuma 1920 ne da 1080. Sai dai da yawa daga ƙananan kyamarori marasa suna ba su da idon da zai ɗauki wannan. Abin da suke yi shi ne su ɗauki ƙaramin hoto, manhajar ciki ta buɗa shi, ta cike gurbin da ɗigon da ta ƙirƙira. Fayil ɗin zai yi nauyi, ya cinye katin ajiya, ya cinye batir, amma babu wani bayani da ya ƙaru a cikinsa. Baƙin da idon kyamara bai gani ba, babu manhajar da za ta dawo da shi. Wasu kuma suna ɗaukar 4K ɗin da gaske, amma a hoto 15 ko 24 cikin daƙiƙa, sai ka ga bidiyon yana tsalle-tsalle.

Yawan hotuna cikin daƙiƙa ya fi girman hoton muhimmanci ga mai keke, kuma lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Lokacin da lambarta take kusa da kai, a inda za a iya karantawa, bai fi daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa za ta ba ka hoto talatin a kowace daƙiƙa ta wannan ɗan tsakani, wadda ke ɗaukar 60 ta ba ka sittin, kuma kowane ɗaya cikinsu an ɗauke shi cikin gaggawa, don haka bai cika jirwayewa ba. Hoto ɗaya tak kake nema wanda ya fito tsaf. Shi ya sa shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce 1080p a hoto 60, kuma kusan duk kyamarorin matsakaicin farashi irin na Akaso da SJCAM suna yin wannan ba tare da wahala ba.

Sai faɗin gani. Masu talla suna alfahari da digiri 170, kuma gaskiya ne cewa irin wannan gilashi yana kwaso titi daga wannan gefe zuwa wancan. Amma ɗigon hoton ba su ƙaru ba, an dai raba su ne a kan fili mai faɗi, don haka komai ya ƙanƙance. Motar da ke mita goma a gabanka za ta yi kamar tana can nesa, lambarta ta koma 'yar ɗigo. Idan kyamarar tana da zaɓin rage faɗin zuwa matsakaici, ka rage. Akwai kuma abin da ke hana hoto rawa, wanda manhaja ke yi ta hanyar yanke gefunan hoto tana daidaita tsakiya. A kan gargada yana da amfani ƙwarai. Amma a kyamarori masu araha, da zarar haske ya ragu sai ya riƙa sa hoton yana wani irin kaɗawa, musamman a kusa da fitilu. Wanda ya ɗaura kyamara a ka ya riga ya sami sauƙi, domin wuya da gwiwoyi suna shanye yawancin girgizar kafin ta iso.

Duk wannan bayani ba zai maye gurbin gwaji ba, kuma gwajin ba ya cin minti goma. Ka je shago da naka katin. Ka ce wa mai kaya, "Malam, a ba ni in gwada a bakin titi, ga wayata ka riƙe." Mai kayan kirki ba zai ƙi ba, ko ya haɗa ka da yaronsa. Ka tsaya a gefen hanya, ka riƙe kyamarar daidai goshinka, ka bar motoci su wuce, kana juya kai kana bin su kamar yadda za ka yi a kan keke. Ka taka 'yan taku da sauri don hoton ya girgiza. Sannan kada ka yarda da ɗan ƙaramin allon da ke bayan kyamarar, a kansa komai kyau yake yi. Ka zare katin ka sa a waya ko kwamfuta, ka tsayar da bidiyon daidai lokacin da mota ta gifta, ka buɗa hoton da yatsu biyu. Lambar motar gida a Najeriya baƙaƙe ne shuɗɗa a kan fari, ta haya kuma jajaye. Ka duba ko kana iya bambanta 8 da B, ko 0 da D. Idan sai ka yi ta ƙanƙance ido kana cewa wataƙila, to wanda za ka kai wa ƙara ma haka zai ce. Idan da hali, ka yi gwajin da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi ƙasa, domin a tsakar rana kowace kyamara gwana ce.

Da daddare kuwa gara a faɗi gaskiya: kyamara mai araha ba ta karanta lamba. Idonta ƙarami ne, sai ta daɗe a buɗe kafin ta tara haske, kuma a wannan ɗan lokaci motar ta matsa. Fitilun mota kuma suna kashe mata ido. Ko masu tsadar ma fama suke yi. Masu keke na Birtaniya suna da wata dabara da ba ta cin ko kwabo: idan mota ta matse ka, ka karanta lambarta da ƙarfi, ka maimaita, ka faɗi launinta da irinta. Kyamarar tana ɗaukar murya. Bidiyon zai nuna abin da motar ta yi, muryarka ta cike abin da hoton ya kasa. Saboda haka ka saurari sautin ma lokacin gwaji. Idan iska tana cika shi da huci, ɗan guntun soso da aka manna a kan ramin makirfon yana rage ta sosai.

Batir shi ne inda mutane suka fi cizon yatsa. Yawancin waɗannan kyamarori, har da manyan, awa ɗaya zuwa biyu suke yi a caji ɗaya, kuma abin da aka rubuta a kwali an auna shi ne a ɗaki mai sanyi, allo a kashe. Ka auna tafiyarka, zuwa da dawowa, ka ƙara rabin awa. Idan batirin bai kai ba, ka nemi kyamarar da ake cire batirinta ka sayi na biyu, ko wadda ke ci gaba da ɗauka tana jone da fawa bank a aljihun riga. Ka kashe allo da Wi-Fi yayin tafiya, su ne ɓarayin caji. Ga kuma zafi. Masu ƙera irin waɗannan na'urori galibi suna ba su iyakar digiri 35 zuwa 40, alhali a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin Afrilu yana haura 40 a inuwa. Baƙar kyamara a saman kai, rana na dukanta kai tsaye, tana kuma fama da 4K, za ta ɗau zafi ta kashe kanta ba tare da ka sani ba. Muddin kana tafiya iska tana sanyaya ta. A cunkoso da wurin danja ne take shan wuya. Wannan ma wani dalili ne na zama a 1080p. Kuma ka cire ta daga cikin kwanson roba mai hana ruwa shiga idan ba damina ba ce, domin kwanson yana riƙe zafi, yana kuma toshe sauti.

Bayan zafi, sai ƙura. Idan ka ga an rubuta IP67, lamba ta farko, 6, tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyun kuma, 7, tana nufin za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Idan IPX7 aka rubuta, X ɗin na nufin ba a gwada ta da ƙura ba. Ga wanda zai yi tuƙi cikin hazon hunturu, wannan baƙi ɗaya yana da nauyi. Ka riƙa hure gilashin kafin ka goge shi, domin yashin da ke kai shi ke karce shi idan ka murza da bakin riga.

Kati kuwa, a nan ne nake roƙon mai karatu kada ya yi rowa. Na sha ganin wanda ya kashe kuɗi a kan kyamara, sannan ya sa mata katin da ya saya a tire. Jabun katuna sun cika kasuwa a ko'ina cikin duniya: a jiki an rubuta giga 128, a ciki takwas ne ko goma sha shida, an yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara yana nuna ƙarya. Zai yi ta karɓar bidiyo kamar lafiya lau, sai ranar da kake nema ka tarar fayil ɗin ba ya buɗewa. Ka nemi mai alamar U3 ko V30, wato yana iya rubuta aƙalla mega 30 a daƙiƙa, kuma idan ka sami irin wanda aka yi don kyamarorin tsaro, mai jure gogewa da sake rubutu, ya fi. Akwai manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika kati a kwamfuta ta karanta shi, ta faɗa maka ainihin girmansa. Game da girman da kake buƙata, bidiyon 1080p mai kyau yana cin giga goma sha uku zuwa sha huɗu a awa idan kyamarar tana rubuta megabit 30 a daƙiƙa, don haka kati mai giga 64 ya ishi tafiyar yini.

Ka tabbatar kyamarar tana da tsarin ɗauka mai zagayawa, wato tana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa na minti uku ko biyar, idan kati ya cika ta goge mafi tsufa ta ci gaba. Ba tare da shi ba, wata rana za ta cika a tsakiyar hanya ta tsaya. Kamfanin Cycliq na Ostareliya, wanda ke yin Fly6 ta baya da Fly12 ta gaba, ya haɗa fitila da kyamara a abu ɗaya, kuma idan keke ya faɗi tana kulle bidiyon don kada a goge shi. Suna da tsada, amma sun nuna abin da mai keke ke buƙata, kuma wasu masu araha sun kwaikwayi wannan kullewar.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Hular kwano an yi ta ne don ta ceci kai, kuma kyamara tana iya rage mata wannan aiki. Farin abin da ke cikin hular, mai kama da soso mai tauri, aikinsa ya murƙushe lokacin faɗuwa ya shanye bugun, ƙwaryar waje kuma an yi ta da santsi don ta zame a kan kwalta kada ta cije. Ƙa'idojin gwaji, EN 1078 a Turai da CPSC a Amurka, suna gwada hular ne ita kaɗai, ba da wani ƙullutu a samanta ba. Bayan hatsarin da ɗan tseren mota Michael Schumacher ya yi a kan ƙanƙara a Faransa a Disambar 2013, sanye da hula mai kyamara, an yi ta cece-kuce a kan ko maɗaurin ya taimaka wajen fashewar hular. Ba a tabbatar da hakan ba, amma hankali kaɗai ya isa ya nuna cewa abu mai tauri da ya tsaya tsakanin kai da ƙasa, ko ya maƙale a reshe ya fizge wuya, ba alheri ba ne. Don haka kada ka huda hula, kada ka ɗaura ƙusa ko noti, kada ka shafa mata gam mai ƙarfi irin na masu gyaran takalmi, domin yana cin soson. Ka yi amfani da maɗauri na igiya mai bi ta ramukan iska, ko na roba da zai ɓalle idan an buge shi. Kyamarar da ta tsinke ta faɗi lokacin hatsari ta yi abin da ya dace.

Nauyi ma abin dubawa ne. Hular keke kanta gram 250 zuwa 300 ce. Kyamara mai siffar akwati irin ta GoPro tana kai gram 150, kafin a sa maɗauri, kuma idan ta yi tsayi a saman kai za ka ji ta a wuya bayan awa ɗaya, tana kuma jan hular gaba ko gefe. Masu siffar tocila, sirara, da ke kwanciya a jikin hular, sun fi dacewa da doguwar tafiya. Wanda kuma ba shi da hula ta kirki, hula zai fara saya. Mun ga abin da ya faru a Janairun 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta tilasta wa masu babur sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa suka fito da ƙwarya a ka. Ɗaura kyamara a kan hular roba ta wasan yara bai bambanta da wannan ba.

Wasu sun fi son ɗaura ta a kan keken, kusa da birki. Ta fi aminci ga kai, sai dai tana shan girgiza, kuma gaba kawai take kallo. Ta ka tana bin idonka: ka waiga, ta waiga, ta ga fuskar direban da wayar da ke hannunsa. A ganina wannan ne babban dalilin zaɓen ta ka. Akwai kuma wani amfani da ba a auna shi: direban da ya hango ta yakan sassauta.

Game da sabuwa ko ta hannu, tsohuwar GoPro ko DJI Osmo Action mai lafiya sau da yawa ta fi sabuwar da ba ta da suna a farashi ɗaya, domin idonta na gaske ne kuma ana samun batirinta da maɗauranta. A manyan kasuwannin waya irin Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja akan ci karo da su. Ka duba gilashin a cikin haske ko akwai karce, ka buɗe murfin batir ka ga ko ya kumbura, ka bar ta tana ɗauka minti ashirin a gabanka ka ga ko za ta mutu.

Wanda ya ɗaura kyamara a ka ya ɗauki amanar mutane. Za ta ɗauki matan da ke tafiya a hanya, da yaran makaranta, da cikin gidan da ƙofarsa ke buɗe, kuma babu wanda ya ba ka izinin watsa su a Facebook ko TikTok. Ka kashe ta kafin ka shiga zauren wani. Ka kashe ta, ko ka cire ta gaba ɗaya, idan ka doshi shingen jami'an tsaro ko bariki, domin a yanayin da arewa take ciki ba za a tsaya jin bayaninka na ɗan keke ba. Kuma ka tuna tana ɗaukar naka laifin, idan ka tsallake danja ko ka bi hannun da ba naka ba.

Idan abin da ake gudu ya faru, da zarar ka samu kanka ka tsayar da ɗaukar, don kada zagayen ya goge wurin. Ka zare katin ka adana shi, ka sa wani. Ka kwafi fayil ɗin yadda yake, kada ka yanke, kada ka sa masa rubutu ko kiɗa, kuma kada ka dogara da wanda aka tura ta WhatsApp, domin yana matse bidiyo har lambar ta ɓace. Ka haɗa da gunduwar da ke gabansa da wadda ke bayansa, don a ga yadda kake tafiya kafin abin ya auku. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta amince da shaidar da na'ura ta samar, amma tana neman bayani a rubuce kan na'urar da kuma cewa tana aiki daidai a lokacin, don haka ka ajiye rasit da kwalin kyamarar. Ƙananan kyamarori da yawa suna mantar da kwanan wata duk lokacin da aka cire batir, su koma wata tsohuwar shekara, kuma bidiyon da ke ɗauke da kwanan da ba daidai ba yana ba wa mai musu ƙofa. Ka duba agogonta kowace safiya, lokacin da kake taɓa tayoyi ka ji iska.